Kuɗinmu Ne, Me Ya Sa Lissafinsa Ya Zama Sirri?

Ranar 1 ga watan Fabrairun kowace shekara, akwai wata takarda da doka ta wajabta wa kowace ma'aikata da hukumar gwamnati a Najeriya ta kai ofishin Antoni Janar na Tarayya. Takardar ba ta buƙatar kwangila ko kwamiti; akawu ɗaya mai kula da aikinsa zai iya haɗa ta cikin yini guda. Abin da ake so a cikinta shi ne: mutum nawa suka rubuto neman bayani a shekarar da ta gabata, nawa aka amsa wa, nawa aka hana kuma bisa wane dalili, takarda nawa ce har yanzu take kwance a fayil, kwana nawa ake ɗauka kafin a ba da amsa, nawa aka karɓa na kuɗin kwafi, ma'aikaci nawa aka ware wa aikin. Haka sashe na 29 na Dokar 'Yancin Samun Bayanai ya tanada. Shi kuma Antoni Janar ya tattara, ya kai wa Majalisar Tarayya nasa rahoton kafin 1 ga Afrilu.

Mafi yawan hukumomin ba sa kaiwa. Tun a 2012 kwamitin Stephen Oronsaye ya ƙirga hukumomin tarayya 541, kuma daga lokacin zuwa yau ƙaruwa suka yi. Amma a mafi yawan shekarun da dokar ta yi tana aiki, waɗanda suka miƙa wannan rahoto ba su kai ɗari ba. Sauran sun yi kunnen uwar shegu da doka, shekara ta bi shekara, ba wanda aka dakatar, ba wanda aka rage wa girma, ba ma wanda aka tura wa takardar tuhuma jama'a suka ji. Wannan raini ne tsagwaronsa, kuma mu aka raina, mu da ake cire wa haraji a albashi, a katin waya, a duk abin da muka saya a kanti.

Ya kamata a tuna yadda aka sha wahala kafin a samu dokar nan. Tun 1993, a ƙarƙashin mulkin soja, ƙungiyar kare haƙƙin kafafen yaɗa labarai ta MRA da ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta CLO suka fara fafutukarta. An shigar da ƙudirin majalisa a 1999. Majalisa ta amince da shi, Cif Olusegun Obasanjo ya sauka daga mulki a 2007 bai sa masa hannu ba, aka koma farko. Sai ranar 28 ga Mayun 2011 Goodluck Jonathan ya rattaba hannu. Shekara 18 ana jan zare a kan abu guda: a yarda cewa mai dukiya yana da ikon tambayar wanda ya ba ajiya.

Kuma dokar da aka samu ba ta da rauni a rubuce. Ta ce kowa na iya tambaya, ba sai ya faɗi dalilinsa ba. Ta ce hukuma ta amsa cikin kwana bakwai. Idan takardun suna da yawa, a ƙara mata wasu bakwai, shi ke nan. Idan za ta hana, ta rubuta wa mai tambaya dalili, ta ambaci sashen da ta dogara da shi. Idan ta yi shiru, doka ta ɗauki shirun a matsayin hanawa, mai tambaya kuma yana da kwana 30 ya garzaya kotu, inda nauyin kawo hujja yake kan hukumar. Wanda aka samu da hana bayani ba bisa ƙa'ida ba, tarar naira 500,000 ce a kansa. Wanda ya lalata takarda ko ya sauya ta don kada a gani, aƙalla shekara ɗaya a gidan yari. Dokar ta tuna har da wanda bai iya rubutu ba: yana iya aiko wani a madadinsa, kuma jami'in ofis ya rubuta masa buƙatarsa ya ba shi kwafi. Sannan ta faɗa ƙarara cewa tsohuwar Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 ba za ta zama hujjar ɓoye abin da ya kamata a bayyana ba.

Wannan a takarda ke nan. Ga abin da ke faruwa a ƙasa.

Na taɓa raka wasu matasan wata unguwa zuwa wani ofishin gwamnati. An kafa allo a unguwarsu cewa za a gina ɗakin shan magani, an zuba tubali an kai lintal, daga nan ɗan kwangila ya kwashe lebura ya ɓace. Ciyawa ta fito a cikin ɗakunan, awaki suna kwana a ciki, mata masu naƙuda kuma ana ci gaba da ɗaukarsu a Keke Napep zuwa cikin gari. Tambayar matasan uku ce kacal: wa aka ba aikin, a kan nawa, nawa aka biya shi. Mai gadi ya fara tare mu a ƙofa yana tambayar wa muka sani a ciki. A ɗakin rajista, wani dattijon akawu ya karanta takardar tun daga sama har ƙasa, ya cire tabarau ya dube mu.

"Malam, wa ya turo ku?"

Shugaban matasan ya ce, "Baba, ba wanda ya turo mu. Asibitin unguwarmu ne."

"To, ni dai ba a ba ni umarnin karɓar irin wannan takarda ba. Yallaɓai kuma ya yi tafiya. Ku dawo wani makon."

Da ƙyar da siɗin goshi ya karɓa, amma ya ƙi buga hatimi a kwafin da za su riƙe. A nan dabarar take. Idan babu hatimi da kwanan wata, ba inda za ka fara ƙirga kwana bakwai, ba abin da za ka nuna wa alƙali, kuma a rajistar ofishin ba ka taɓa zuwa ba. Daga ranar, shiru kamar an aiki bawa garinsu. Ban ga laifin dattijon nan sosai ba. Ya shekara talatin ana koya masa cewa duk fayil sirri ne, ya rantse a kan haka ranar da aka ɗauke shi aiki, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya ce doka ta sauya, alhali sashe na 13 ya wajabta wa kowace hukuma ta horar da ma'aikatanta. Ya san idan ya buga hatimi zai iya shan faɗa daga sama, idan ya ƙi kuwa ba abin da zai same shi. Laifin yana wuyan waɗanda suka tsara al'amarin a haka kuma suke cin moriyarsa.

Yanzu ka haɗa wannan da rahoton da ba a kaiwa, za ka ga yadda ake kashe doka ba tare da an soke ta ba. Takardar matasan nan ba ta shiga rajista ba, don haka ba ta cikin waɗanda aka karɓa, ba ta cikin waɗanda aka hana. Ofishin bai kai rahoto ba, don haka Antoni Janar ba shi da abin da zai ƙirga, majalisa ba ta da abin da za ta tambaya a kai. An zalunci mutane, kuma an share sawun zaluncin. Shi ya sa nake cewa rahoton sashe na 29 shi ne zuciyar dokar. Da shi ne kaɗai za a gane ko matsalar ta akawu ɗaya ce ko ta ma'aikata sukutum. Masu ƙin kai shi sun fi kowa sanin haka. Sun kuma san dokar ba ta tanadi hukunci ga wanda ya ƙi kaiwa ba, kuma 'yan majalisa sun ga wannan giɓi shekara da shekaru ba su toshe shi ba.

Kada wani ya ce mini wannan halin ƙananan ma'aikata ne. Daga sama aka koyo shi. A 2012 kwamitin Majalisar Wakilai ya gano cewa tallafin man fetur ya laƙume sama da naira tiriliyan 2 a 2011, alhali biliyan 245 aka ware a kasafi. A 2012 ɗin ne kuma kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya amsa wa jaridar Daily Trust cewa shi dokar ba ta hau kansa ba. Kamfanin da arzikin ƙasa kacokan ke bi ta hannunsa ya ce ba ya cikin waɗanda za a tambaya! Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma, wadda ke ajiye da takardun bayyana kadarorin masu mulki, ta hana ƙungiyar SERAP ganinsu, kotu ta goyi bayanta a 2020 bisa hujjar cewa tsarin mulki ya bar wa Majalisar Tarayya ta tsara sharuɗɗan da ɗan ƙasa zai duba takardun, majalisa kuma ba ta tsara ba. Tun 1999 wannan aiki yake jiransu. Ba za su yi ba, domin takardunsu na cikin waɗanda za a buɗe. Marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa ya bayyana kadarorinsa a fili a 2007, sama ba ta faɗo ba. Wanda ya gaje shi, wanda ya sa wa dokar hannu da alƙalaminsa, ya fito a talabijin a 2012 ya ce bai damu da sukar da ake masa kan ƙin yin haka ba.

Ita kanta majalisar fa? Tun 2012 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta umarci akawun majalisa ya bayyana albashi da alawus na 'yan majalisa. Amma ta ina talaka ya san abin da sanata ke karɓa? Sai da Sanata Shehu Sani ya buɗe baki a 2018 ya ce naira miliyan 13.5 duk wata na gudanar da ofis. Sai da Sanata Kawu Sumaila ya shaida wa sashen Hausa na BBC a 2024 cewa abin ya kai miliyan 21. Wato sai wani daga cikinsu ya ga dama sannan mu ji. Majalisar da ta yi dokar, wadda ake kai wa rahoton kowace shekara don ta hukunta masu taurin kai, ita ce kan gaba wajen ɓoyo. Da wane ido za ta kalli wani darakta ta ce ya saɓa?

An ce a je kotu. To, a dubi abin da ya samu waɗanda suka je. A farkon 2014 wasu masu fafutuka a jihar Edo, Austin Osakue da abokansa, suka nemi hukumar yaƙi da cutar ƙanjamau ta jihar ta nuna musu yadda aka kashe kuɗin wani shiri. Hukumar ta ƙi. Babbar kotu ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara a Benin ta rushe hukuncin a 2018 tana cewa dokar ba ta shafi jihohi ba, a daidai shekarar da takwararta ta Akure ta yanke akasin haka. Sai ranar 11 ga Afrilun 2025 Kotun Ƙoli ta raba gardama, ta ce dokar ta hau kan jihohi ma. Shekara 11 a kan tambayar da doka ta ba kwana bakwai. A tsawon wannan lokaci gwamnoni sun samu mafaka: ka tambayi ma'aikatar jiha, a ce maka ai ba a mayar da dokar ta jiha ba tukuna. Ekiti ta yi tata tun 2011; yawancin jihohinmu na Arewa ko ƙudiri ba su damu su kammala ba. Yanzu wannan uzuri ya mutu, kuma duk kwamishinan da ya sake fakewa da shi ya sani Kotun Ƙoli yake wa tsaurin ido.

Ko ka yi nasara a kotun ma, sai ka sake wani yaƙin. A 2016 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta umarci gwamnati ta ba da lissafin kuɗin sata da aka ƙwato tun 1999. A 2023 wata kotun a Abuja ta ba da irin wannan umarni kan kuɗin Abacha. Ina cikakken lissafin yake? A 2020 an dawo da dala miliyan 311 aka ce za a zuba su a manyan ayyuka uku, ciki har da hanyar Abuja zuwa Kano. Direban da ya sha karya motarsa tsakanin Abuja da Kaduna, da fasinjan da ya kwana a cunkoson tireloli a hanyar, ba su da haƙƙin ganin nawa aka saka a kowace kilomita? Suna da shi. Hana su ake yi.

A nan ne babban kuskuren tsarin yake. Antoni Janar shi doka ta ɗora wa tabbatar da cewa kowace hukuma ta bi ta. Shi ne kuma babban lauyan gwamnati, wanda ofishinsa ke kare gwamnati idan an kai ta ƙara. Mutum ɗaya ba zai riƙe sandar horo da garkuwar kariya a kan mai laifi ɗaya ba. Ghana ta yi tata dokar a 2019, shekara takwas bayanmu, amma ta kafa hukuma mai zaman kanta da ɗan ƙasa zai kai wa kuka ba sai ya ɗauki lauya ba, kuma hukumar tana cin ma'aikatu tara. A Indiya, jami'in da ya jinkirta amsa ba dalili ana cire masa rufi 250 a kowace rana, har zuwa 25,000, daga aljihunsa. Mu kuwa tararmu sai an kai ga hukuncin kotu, kuma naira 500,000 ta 2011, lokacin da dala ke wajen naira 150, ta zube kusan ninki goma. Hukumar da ke ɓoye kwangilar biliyoyi za ta ji tsoron wannan?

Na san amsar da suke bayarwa: tsaro. Gaskiya ne dokar ta keɓe wasu abubuwa, kamar sirrin tsaron ƙasa, binciken da ke gudana, da bayanan rayuwar mutum ta ƙashin kansa, kuma ba mai hankalin da zai nemi a buga masa inda sojoji za su kai farmaki gobe. Amma kuɗin gina aji ba sirrin tsaro ba ne. Sunan ɗan kwangilar rijiyar burtsatse ba sirrin tsaro ba ne. Hatta a abubuwan da aka keɓe, dokar ta ce a bayyana idan maslahar jama'a ta rinjayi cutarwar. Kuma mu 'yan Arewa mun fi kowa sanin abin da duhu ya jawo a harkar tsaro. Mun ga badaƙalar dala biliyan 2.1 ta kuɗin makamai a lokacin da Boko Haram ke ƙwace garuruwa a Borno da Yobe da Adamawa. A 2018 ƙungiyar Transparency International ta ƙiyasta cewa kuɗin tsaro da shugabanni ke kashewa ba tare da an bi diddigi ba sun kai dala miliyan 670 a shekara. Manomin Zamfara da ke biyan 'yan bindiga haraji kafin ya girbe gonarsa, wane amfani wannan sirri ya yi masa? A watan Oktoban 2020 jama'a sun fasa rumbuna a Jos da Kaduna da wasu garuruwa, suka tarar da abincin tallafin korona jibge, alhali an sha yunwa a lokacin kulle. Da an liƙa jerin abin da aka karɓa da wanda aka raba wa a ƙofar kowace sakatariya, kamar yadda sashe na 2 ke nufi da wajabta bayyana bayanai tun kafin a tambaya, da ba a kai ga haka ba.

Akwai kuma namu kason. An daɗe ana cusa mana cewa tambayar shugaba rashin kunya ce, wanda ya nemi lissafi ɗan adawa ne ko mai hassada. Wannan ba koyarwar addininmu ba ce. Malamai suna ba mu labarin mutumin da ya miƙe a bainar jama'a ya tambayi Sayyidina Umar inda ya samu yadin da ya ishe shi riga, tunda kowa ƙyalle ɗaya ya samu. Halifa bai sa an kama shi ba, ya kira ɗansa Abdullahi ya yi bayani. Ba kuma tarihinmu ba ne: tun 1950 Malam Aminu Kano da mutanen NEPU suka sha ɗauri da bulala don talaka ya iya ɗaga kai ya tambaya. Masu mulkin da ke ambaton Umar a kan mumbarin kamfe su fara da abu mai sauƙi, su amsa wasiƙa.

Abin da nake nema ba ya buƙatar mu'ujiza. Antoni Janar ya riƙa buga sunayen duk hukumomin da suka ƙi kai rahoto, da sunayen shugabanninsu, a jaridu da rediyo, har da Hausa. Majalisa ta ƙi sauraron kare kasafin duk hukumar da ba ta zo da shaidar miƙa rahotonta ba. Wannan kaɗai zai gyara rabin matsalar cikin shekara guda. A gyara dokar, a kafa hukuma mai zaman kanta, a mayar da tara kan albashin jami'in da ya yi shiru, a ƙirga masa ita kullum. Gwamnonin Arewa su naɗa jami'in amsa tambaya a kowace ma'aikata da ƙaramar hukuma, a rubuta sunan ofishinsa a bakin ƙofa. Gidajen rediyonmu, da suke cike da sojojin baka daga magariba zuwa dare, su ware ko da rabin sa'a a mako suna karanta tambayoyin da aka aika da amsar da aka samu, ko aka rasa.

Ku kuma ƙungiyoyin unguwa, na iyayen yara, na 'yan kasuwa, na direbobi, ku rubuta. Shafi ɗaya ya isa: sunan aikin, abin da kuke son gani, da ambaton Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011. Ku yi kwafi biyu, kada ku bar ofis sai an buga muku hatimi da kwanan wata. In an ƙi, ku aika ta kamfanin kai saƙo ku adana rasit. Ku ƙirga kwana bakwai. In sun yi shiru, ku kai maganar rediyo, ku nemi lauyoyin ƙungiyoyin da ke ɗaukar irin wannan ƙara kafin kwana 30 su cika. Wasiƙa ɗaya suna iya jefa ta a kwandon shara, amma ba ofishin da zai iya ɓatar da wasiƙun mazaɓa guda. Ba alfarma kuke roƙo ba. Albashin wanda zai karɓi takardar, da kujerar da yake zaune a kai, da motar yallaɓan da aka ce ya yi tafiya, duk da kuɗinku aka biya, kuma dole ne su yi muku bayani.